Kwatano: Yadda Babban Jirgin Ruwa Yake Tsayawa a Bakin Tasha

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Amma buhun shinkafa, da buhun takin zamani, da kwanon rufi, da maganin dabbobi, da yawansu ta teku suke zuwa. Shekaru da yawa babbar ƙofar da waɗannan kaya suke shigowa ita ce Kwatano, a ƙasar Benin, wadda a da ake kira Dahome. Manoma da makiyaya sun sha jin sunan garin a bakin direbobin kamyo. Ga bayanin wurin, da bayanin wani aiki mai wuya da ake yi a can dare da rana, wato tsayar da babban jirgin ruwa a bakin tasha ba tare da ya fasa kome ba.

HANYAR ZUWA

Daga Yamai zuwa Kwatano tafiyar ta ɗara kilomita 1000. Ana bi ta Doso, a gangara Gaya. A Gaya akwai gada bisa kogin Kwara, ƙetarenta Malambil ne, garin farko na Benin. Daga nan sai Kandi, sai Faraku. Tun daga Faraku ƙasa take sakewa. Gero yana raguwa, doya da rogo da masara suna yawa. In an ƙara gaba sai itatuwan kwakwar manja, sai iska mai laima wadda take sa riga ta manne a jiki.

Tsakanin Faraku da Kwatano an shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 438. A shekarar 1959 Nijar da Dahome suka kafa ƙungiya guda domin kula da wannan hanya. A da kayan Nijar sukan hau jirgin ƙasa daga bakin teku har Faraku, daga nan kamyo su ɗauka. Wani kashi na gujiyar Nijar ta nan ya fita zuwa Turai. Haka ma ƙarfen uraniyom na Arlit.

Kwatano gari ne da yake zaune bisa rairayi, teku a kudu, babban tafki mai suna Nokuwe a arewa. Masu kabu-kabu sun cika tituna, sanye da riguna masu ruwan ɗorawa. Akwai unguwar Zango, inda baƙo daga Maraɗi ko Tawa zai ji ana Hausa, ya samu masauki da masallaci.

KAFIN A GINA TASHA

Bakin tekun Kwatano miƙaƙƙe ne. Babu lungu, babu dutsen da zai kare jirgi. Igiyar ruwa tana tasowa daga nesa, ta zo ta fashe a gaɓa da ƙarfi, rani da damina. A zamanin da, manyan jirage sukan tsaya can nesa, masu kwale-kwale su je su kwaso kaya. Kwale-kwale da yawa sun kife, kaya sun nutse, mutane sun halaka.

A shekarar 1891 Faransawa suka fara gina wata doguwar gada ta ƙarfe wadda ta miƙe cikin teku, ta wuce inda ruwa yake fashewa. Duk da haka jirgi ba ya matsowa. Ƙananan jirage ne suke kai da kawowa, injin ɗaga kaya yana kwashewa. Har fasinja a cikin wani irin kwando ake ɗaga su.

Sai a shekarar 1965 aka buɗe tasha ta sosai. An jibge manyan duwatsu cikin teku, aka yi katanga biyu. Ta yamma ta fi tsawo, domin daga kudu maso yamma iska da igiyar ruwa suke zuwa. Tsakanin katangun an bar ƙofa. A ciki ruwa yana kwance kamar na tabki. A gefen ciki aka gina dogon dakali na siminti, inda jirage suke jingina a sauke kaya. Tun daga ranar jirgi yake zuwa har bakin ƙasa. Amma sai wata matsala ta taso: yaya za a shigo da abu mai girman unguwa ta ƙaramar ƙofa, a jingina shi da dakali?

JIRGI BA SHI DA BIRKI

Wasu jiragen da suke zuwa Kwatano tsawonsu ya fi mita 200. A ce jirgi ya ɗauko shinkafa tan 30.000. Wannan buhu 600.000 ke nan na kilo 50. Sai an samu kamyo 1000 masu ɗaukar tan 30 kafin a kwashe shi.

Mota tana da ƙafafu bisa ƙasa, in direba ya taka birki sai ta tsaya. Jirgi kuwa bisa ruwa yake, ba abin da zai kama. A bayansa, ƙarƙashin ruwa, akwai wata babbar farfela, kamar fanka, wadda inji yake juyawa. Ita take tura ruwa baya, jirgi ya yi gaba. In ana so ya tsaya, sai a juya ta baibai. Amma nauyi ba ya tsayawa nan take. Babban jirgin mai da yake cike, in yana cikin gudu, sai ya yi kilomita da dama kafin ya tsaya cik.

Ga matsala ta biyu. Bayan farfela akwai wani faffaɗan allo na ƙarfe, shi ne allon tuƙi. In an karkata shi, ruwan da yake wucewa ya buge shi, sai jirgi ya juya. Wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a Gaya ya ga irin wannan, in matuƙi ya tsoma filafili a baya ya karkata shi. To, allon yana aiki ne in ruwa yana gudu a jikinsa. In jirgi ya rage tafiya ƙwarai, allo ya zama kamar linzami a bakin dokin da yake barci. Ga shi kuwa dole ne jirgi ya rage tafiya in zai shiga tasha. Lokacin da aka fi bukatar tuƙi, lokacin ne tuƙi yake ƙi.

Matsala ta uku ita ce iska. Jirgin da ya ɗauko kwantena, wato manyan akwatunan ƙarfe, an jera su bisa juna kamar bene. Jirgin da yake kawo motoci kuma gefensa kamar katangar birni yake. Kwatano ta yi suna wajen tsofaffin motocin Turai, da yawansu sun ƙare a titunan Yamai da Damagaram. Iska tana tura irin waɗannan jirage ta gefe. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta yana ninkawa sau huɗu.

Saboda haka jirgi yana bukatar abin da zai tura shi ta gefe, ko ya riƙe shi ta gefe. Dabara biyu ake da su: jirgin ja, da farfelar hanci.

JAGORA

Kafin a zo ga dabarun, akwai mutum guda da ya kamata a sani. Kowane jirgi yana da kumandansa, wanda ya san jirginsa ciki da waje. Amma bai san kowace tasha ta duniya ba. Don haka babban jirgi ba ya shiga Kwatano sai da jagoran tasha. Kamar ayarin Bilma ne: kowa ya san raƙuminsa, amma madugu ne ya san rijiyoyi.

Jirgin da ya iso yakan jefa babbar ƙugiyarsa ta ƙarfe a wajen tasha, ya jira layi. Daga bakin gaɓa ana hango su jere, da dare fitilunsu kamar wani gari bisa ruwa. In layi ya zo, sai ƙaramin jirgi mai sauri ya kai jagora. Ana sako masa tsani na igiya, ya hau gefen jirgi yana tafiya, ruwa yana ɗaga su yana saukewa. Wannan hawa kaɗai yana da hatsari. In ya kai sama, sai ya tsaya kusa da kumanda. Ya san zurfin ruwa, ya san inda rairayi ya taru, ya san halin iskar kowane wata. Da rediyon hannu yake magana da matuƙan jiragen ja.

DABARA TA FARKO: JIRGIN JA

Jirgin ja ƙarami ne, tsawonsa wajen mita 25 zuwa 30. Ba ya ɗaukar kaya, ba ya ɗaukar fasinja. Kusan dukan cikinsa inji ne. Na zamani yakan kai ƙarfin dawaki 4000 ko 5000, wani ya fi haka. Yadda ake auna ƙarfinsa kuwa, makiyayi zai gane shi da sauri. Ana ɗaure shi a turken ƙarfe a bakin ruwa, ya ja iyakar ƙarfinsa, a duba ma'auni. Na kirki yakan ja tan 50 zuwa 70.

Jikinsa, musamman hancinsa, an naɗe shi da roba mai kauri, wani lokaci da tsofaffin tayoyi, domin ya dafa babban jirgi ba tare da ƙarfe ya ci ƙarfe ba. Yawancin na yanzu farfelarsu tana juyawa kowace fuska, gabas da yamma, kudu da arewa. Saboda haka jirgin ja yana tafiya gaba, yana tafiya baya, yana tafiya ta gefe, yana juyawa a wuri guda.

Galibi biyu ake sa wa babban jirgi, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Duk wanda ya ga ana shigar da ƙaton sa cikin kamyo a kasuwar dabbobi ya ga misalin aikin. Igiya ɗaya a ƙaho, igiya ɗaya a ƙafar baya. Na gaba yana nuna hanya, na baya yana riƙewa kada ya zabura. Jirgin ja na baya shi ne birkin da babban jirgi ba shi da shi.

In an wuce ƙofa, sau da yawa sai an juya jirgin a tsakiyar tasha, domin hancinsa ya dubi hanyar fita. Ɗaya yana jan kai dama, ɗaya yana jan gindi hagu, jirgi ya juya sannu a hankali. Daga nan sai a daidaita shi da dakali, su dafa gefensa su riƙa turawa. In ya yi sauri, su ja da baya su riƙe shi da igiya. A ƙarshe tafiyarsa ba ta wuce santimita 10 zuwa 15 a sakan ɗaya, wato bai kai taƙi guda ba. Mai kallo sai ya ce a tsaye yake. Amma da irin wannan nauyi, in ya ɗara haka kaɗan, sai siminti ya tsage ko jikin jirgi ya lotsa.

In ya kusa, ma'aikatan jirgi su jefo siririyar igiya mai dunƙule a kai. Mutanen ƙasa su cafe, su jawo babbar igiya mai kaurin damtse, su rataya a turakun ƙarfe na dakali. Ana ɗaure gaba, ana ɗaure baya, da igiyoyi da yawa. Sai an gama wannan jagora yake sallamar jiragen ja.

Aikin yana da hatsari. In igiyar ja ta koma ta gefen ƙaramin jirgin, babban yana iya kifar da shi cikin ƙiftawar ido. Don haka akwai wani makulli da matuƙi zai taɓa, igiya ta saku nan take. Igiyar da ta tsinke kuma tana dawowa kamar bulala, tana iya kashe mutum. Ma'aikata sun san inda ba a tsayawa.

DABARA TA BIYU: FARFELAR HANCI

Masu ƙera jirage sun yi tunani: me zai hana jirgi ya tura kansa ta gefe? Sai suka huda rami a hancin jirgi, ƙarƙashin ruwa, daga dama ya ɓulle hagu. A cikin ramin suka sa farfela. In ta tura ruwa dama, hanci ya yi hagu. In ta tura hagu, hanci ya yi dama. Kumanda yana sarrafa ta daga ɗakin tuƙi da ɗan ƙaramin maɓalli. Wasu jirage suna da irinta a baya ma.

Amfaninta a fili yake. Tana nan kullum, ba a jiran kowa. Jirgin ja kuwa haya ake yi, mai jirgi ne yake biya, shiga da fita. In iska ta kwanta, jirgi mai farfelar hanci yana iya rage jirgin ja ɗaya, in dokar tashar ta yarda. Manyan jiragen fasinja na Turai da Amurka suna da irin wannan farfela uku ko huɗu, da yawansu suna jingina da kansu.

Amma tana da iyaka, har guda huɗu.

Ta farko, ba ta aiki sai jirgi yana tafiya a hankali, kamar tafiyar mutum a ƙasa. In gudunsa ya kai wajen kilomita 9 a awa, ruwan da yake wucewa yana kwashe turin, ƙarfinta ya zama kaɗan ƙwarai. Ke nan a bakin ƙofar tasha, inda jirgi yake bukatar ɗan gudu domin igiyar ruwa kada ta karkatar da shi, ba a dogara da ita.

Ta biyu, ƙarfinta bai kai na jirgin ja ba. Farfela mai ƙarfin dawaki 2000 tana tura wajen tan 20. Jirgin ja ɗaya ya ninka haka sau biyu ko uku.

Ta uku, in jirgi ya sauke kaya ya yi sauƙi, yana tasowa sama. Ramin ya matso kusa da fuskar ruwa, farfela ta riƙa shan iska, turinta ya ragu.

Ta huɗu ita ce babba. Yawancinsu da wutar lantarkin jirgin suke aiki. In wutar jirgi ta ɗauke, farfelar hanci ta mutu, kuma sau da yawa babban injin ma yana tsayawa. Jirgin ja kuwa injinsa dabam, gazuwal ɗinsa dabam, matuƙinsa dabam. A watan Maris na 2024, a tashar Baltimo ta ƙasar Amurka, wani jirgin kwantena mai suna Dali, mai tsawon kusan mita 300, ya tashi daga dakali. Jiragen ja sun fitar da shi, an sallame su. Jim kaɗan wutarsa ta ɗauke. Ya tafi ya bugi ƙafar wata babbar gada, gadar ta rushe, ma'aikata 6 da suke gyaran hanya a kanta suka mutu.

Ban da wannan, manyan jiragen mai da masu ɗaukar hatsi ko siminti a zube, yawancinsu ba a sa musu farfelar hanci. Sun yi nauyi ƙwarai, kuma ba kullum suke shiga tasha ba. Su dai sai jirgin ja.

WACE TA FI?

Amsa ita ce, kowace da wurinta. Farfelar hanci ta iya ƙaramin gyara a kusa da dakali, cikin ruwa mai kwanciya. Jirgin ja shi ne na ranar wuya: ranar iska, ranar da inji ya ƙi, ranar da jirgi ya yi girma ga tasha. A wuri irin Kwatano, inda ƙofa take fuskantar buɗaɗɗen teku, ana haɗa su ne. Jagora yana duba girman jirgi, da nauyinsa, da iskar ranar, sannan a san jiragen ja nawa za a kira. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kowane lokaci na shekara da irin wahalarsa. Da damina igiyar ruwa tana ƙara ƙarfi, hadari yana tasowa da iska ba zato. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazon hunturu, wanda yake tasowa daga hamada ya ratsa Nijar, yana kaiwa har bakin teku, ya rage gani.

Rairayi ma abokin gaba ne. Teku yana kwasarsa daga yamma zuwa gabas. Katangar tasha ta tare shi, ya taru a yamma, wani ya zubo cikin hanyar jirage. Dole a riƙa yashe hanyar da wani jirgi na musamman, kamar yadda ake yasar rijiya. A gabashin tasha kuwa, inda rairayi ya daina zuwa, teku ya ci ƙasa, ya cinye gidaje, har sai da aka jera duwatsu domin a tare shi.

ABIN DA YA SHAFI MANOMI DA MAKIYAYI

Babban jirgi, ko yana tafiya ko yana jira, kowace rana kuɗi yake ci: albashin ma'aikata, da mai, da haya. In jiragen ja sun yi kaɗan, ko ɗaya ya lalace, layi yana tsawo a wajen tasha. In jirgi ya fasa dakali, wurin ya rufe har a gyara. Duk wannan kuɗi ɗan kasuwa ba ya yafe shi. Yana ɗora shi bisa buhu, tare da kuɗin duwan da kuɗin kamyo. Wanda ya sayi tiya guda a kasuwar ƙauye, shi ne mai biya na ƙarshe. Takin zamanin da ya iso bayan hatsi ya yi kai kuwa, amfaninsa ya wuce a wannan shekara.

A ƙarshen watan Yuli na 2023 aka rufe iyaka tsakanin Nijar da Benin. Kamyo suka yi dogon layi a Malambil. Daga nan kaya da yawa suka koma bi ta Lome, a ƙasar Togo, su ratsa Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kaya suka ƙara tsada, kowa ya ji a jikinsa. A nan mutane da yawa suka gane cewa tashar teku, ko da tana nesa, tana cikin tukunyar kowane gida. A Lome ma aikin ɗaya ne: jagora, da jiragen ja, da igiya, da turke.

Man fetur na Agadem shi ma ya bi hanyar teku. An shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2000 har Seme, gabas da Kwatano, kuma a watan Mayu na 2024 jirgin farko ya yi lodi. Irin waɗannan jiragen mai suna cikin masu nauyin da ba sa motsi kusa da gaɓa sai da taimakon ƙananan jirage.

Saboda haka manoman da suke sayen taki ko iri ko magani ta hannun ƙungiyarsu, ya kyautu su tara kuɗi su ba da saƙo tun da rani, kada su jira ruwan farko. Buhun da zai zo daga ƙetaren teku sai ya jira layi a wajen tasha, sai jagora ya hau tsani, sai jiragen ja sun jingina shi da dakali taƙi bayan taƙi, sannan ya fara tafiyar kilomita 1000 zuwa gona.